A sare duka ko a raba? Ku ba ni shawara

Mai tambaya:
Salam 'yan uwa. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gonar itatuwan katako, malaina da tik, a wajen Kafanchan. Shi da kansa ya dasa bayan ya bar aikin jirgin ƙasa, mutane na masa dariya wai ya shuka abin da ba a ci. Mu bakwai ne, uwa biyu, ga auren ƙanwarmu bayan Sallah, ga yayanmu ya daina ɗaga wayata. Wani dillalin katako ya ce zai saye duka ya kawo inji. Na karɓi kafin alƙalami. Yanzu barci ya gagare ni. Yaya zan yi?

Tsohon malamin daji:
Ɗana, eka nawa ce? Shekarar itatuwan nawa? Ba ka faɗa ba. Kada ka sayar a dunƙule. Ka ƙirga itatuwan, ka auna kaurinsu daidai ƙirji, ka shafa fenti a waɗanda suka isa. Ka raba gonar kashi-kashi, kowace shekara ka sare kashi ɗaya. Malaina ta fi saurin isa, tik ɗin katako sai ya haura shekara 20. Dukansu suna tohowa daga kututture idan an sare ƙasa-ƙasa aka tsare su daga gobara. Kuma sai da takardar ma'aikatar gandun daji.

'Yar Taraba:
Haka suka yi mana da madobiya. Tirela-tirela aka kwashe zuwa Sin, kafin a sa ta cikin yarjejeniyar CITES ta duniya mai taƙaita cinikin itatuwa da dabbobin da ke barazanar ƙarewa a 2017 an gama da dajinmu. Kawuna ko kwanon rufi bai saya ba.

Ɗan katako:
Baba, wannan tsarin littafi ne. Wa zai kawo inji da mota saboda itace talatin? Malam, sayar ka huta, kafin ɓarayi su sare maka kyauta.

Tsohon malamin daji:
Maganar mai saye ke nan. Je ka gandun dajin Nimbiya kusa da Kafanchan ka ga tik ɗin da aka tsara.

Mai tambaya:
Dillalin fa ba baƙo ba ne, abokin marigayi ne. Kuɗin kuma ba ci na yi ba, kayan ɗaki aka saya.

Wani:
An ma raba gadon kuwa?

Mai tambaya:
Wannan maganar gida ce. Ni tambayata, fenti wane iri ake shafawa?