Neman kalmar Hausa: me za mu kira abin da aka zana a kabarin Nebamun?

Jama'a, ina shirya darasi kan tsohuwar Masar sai na tsaya cak a kan kalmar Turanci painting, domin abin da nake son bayyanawa ya fi ƙarfin kalmomin da muka saba ɗauka.

Ga abin da ke gabana. A kusa da garin Luksor na yau aka binne wani magatakarda mai ƙidayar hatsi a haikalin gunkin Masarawa Amun, sunansa Nebamun, wajen shekara 1350 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). An shafe bangon kabarinsa da laka da farar ƙasa, aka zana makiyaya suna koro shanu, baƙaƙe da jajaye da masu dabbare-dabbare, don a ƙidaya su a gaban maigida Nebamun, wani ya faɗi yana sumbatar ƙasa, can kuma ga dinyoyi an tara su, wasu a cikin kwanduna, wani magatakarda na riƙe da takarda. Gutsattsarin bangon suna gidan tarihi na Birtaniya a Landan tun shekarun 1820.

Wani ya ba ni shawarar hoto, amma ban gamsu ba, saboda ɗalibi zai zaci na'ura ce ta ɗauka, alhali hannu ne ya yi aikin da jar ƙasa da baƙin hayaƙi da wani shuɗi da Masarawa suke haɗawa da kansu. Fenti kuwa yana kai hankali ga mai shafe ɗaki da bokiti. Na so kalmar sura ƙwarai, sai dai kunnen Bahaushe zai fara jin surar Alƙur'ani, don haka na ajiye ta cikin girmamawa.

Zane shi ne asali, amma shi kaɗai yana iya nufin layin alƙalami kawai, a rubuce ma ba a bambanta shi da zanen ɗaurawa. Ina ganin mu ce zanen launi, idan a jikin gini yake kuma mu ce zanen launi na bango, don kada a haɗa shi da adon da maginan Zariya da Kano ke yi a fuskar soro. Da wannan zan rubuta darasin, sai dai idan wani malami yana da wadda ta fi ta zama a baki.