Neman shawara: yadda zan tsara faifan saba kafin in ɗora VM

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Makarantar da nake wa aiki ta sayo saba (babbar kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima) tokumbo, Dell PowerEdge R730, RAM ɗinta 64GB, katin RAID (mai haɗa faifai da yawa su zama kamar guda) kuma PERC H730. Tana da faifai huɗu masu juyawa, kowanne 2TB, da SSD biyu masu 480GB. Niyyata in sa manhajar Proxmox in ƙirƙiri VM uku, wato kwamfutocin manhaja da ke gudana a cikin sabar: Windows Server na lissafin kuɗin makaranta, Ubuntu na ajiyar fayiloli, da wata ta jarrabawar kwamfuta. Tunanina shi ne in haɗa faifai huɗun nan a RAID 5 a kan katin, in samu 6TB, sannan in zuba ZFS, tsarin ajiyar bayanai a faifai, a kai tunda kowa yabonta yake. Matsalar kuma wuta: akwai inbata, amma wani lokaci ita ma takan yanke in an sauya zuwa janareta. Don Allah a gyara mini kafin in shiga abin da ba zan iya fita ba.

Wani ɗan uwa daga Zariya: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka ɗora ZFS a kan RAID na kati. ZFS so take ta ga kowane faifai da idonta, domin in ta tarar da gurɓataccen bayani a ɗaya sai ta ɗauko mai kyau daga ɗan uwansa ta gyara. In katin ya haɗe su ya miƙa mata faifai guda, za ta gane ɓarna amma ba ta da inda za ta ɗauko gyara. Sa'arka ɗaya, H730 yana da yanayin HBA, inda ba ya haɗe faifai, ka juya shi can sai faifan su bayyana ɗaiɗai. Da H710 ne da sai an sake masa manhaja tukuna.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. To in na juya shi, sai in yi RAIDZ1, takwaran RAID 5 a ZFS, ke nan? Ka ga 6TB ɗin nan ne ya tsole mini ido.

Ɗan uwa daga Zariya: A'a. Yi tagwaye biyu, wato kowane faifai da ɗan uwansa mai riƙe kwafinsa, abin da Proxmox ke kira RAID10 a wajen ƙirƙirar ZFS. Za ka tashi da 4TB. VM ƙananan rubuce-rubuce take yi nan da can, kuma rukunin RAIDZ guda a irin wannan aiki saurinsa bai wuce na faifai ɗaya ba. Ranar da yara suka zauna jarrabawa gaba ɗaya za ka ji a jikinka. Ga kuma gurbin da RAIDZ ke cinyewa a faifan VM, 6TB ɗin da kake hange ba zai cika ba.

Dattijon zaure: Ni kam ban ce ZFS dole ba ce. Shekaru na yi ina barin katin ya yi RAID 10, in ɗora LVM-thin, wata hanyar raba wa VM gurbin faifai, a kai, ban ga wata illa ba. Sharaɗin shi ne batirin katin ya kasance da rai, abin da ba kasafai ake samu a tokumbo ba. Ka shiga iDRAC, shafin Dell na lura da lafiyar saba, ka duba. Abin da ya fi damuna a zancenka wutar nan ce. A saitin faifan kowace VM akwai zaɓin cache, wato ajiyar wucin gadi kafin rubutu ya kai faifai. Ka bar shi a yadda ya zo. Wasu sukan mai da shi writeback saboda sauri, har ma da wanda aka rubuta wa unsafe ƙarara. Na taɓa yin wannan gangancin a wani ofis, wuta ta ɗauke ana tsakiyar shigar da albashi, kwana biyu muka yi muna lallaɓa ma'ajiyar bayanan. Sayi UPS ƙarami ka sa tsakanin saba da inbata, ka haɗa shi da NUT, manhajar lura da UPS, domin saba ta kashe kanta cikin natsuwa in batir ya yi ƙasa.

'Yar uwa mai aikin cibiyar bayanai: Yayana, ba wanda ya taɓo SSD ɗin. Ka mai da su tagwaye, ka sa Proxmox da faifan Windows mai lissafin kuɗi a kansu, fayiloli kuwa su tafi kan masu juyawa. Amma duba lambar samfurinsu: in irin na laftof ne marasa kariyar ɗaukewar wuta, ZFS za ta cinye su da wuri, sai ka riƙa leƙa adadin lalacewarsu a shafin faifai.

Sai kuma tarkon da ya fi kama sababbi. Da ZFS da LVM-thin duk za su bar ka ka raba wa VM gurbin da ya fi wanda kake da shi, kamar mai adashi da ya yi wa mutum uku alkawarin kwasa ɗaya. Ranar da rumbun, wato gurbin faifan da ka haɗa, ya cika, VM ɗin duka za su tsaya cak, wata ma ta gurɓace. Kada ka bari ya haura kashi 80. A saitin faifan VM ka zaɓi VirtIO SCSI, ka kunna Discard, domin abin da aka goge a cikin VM ya dawo rumbu. Windows ba zai ga faifan ba wajen girkawa sai ka ɗora masa direbobin virtio-win, kada hankalinka ya tashi.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Ashe da tagwayen da snapshot (hoton yanayin VM a wani lokaci) na huta da batun kwafin ajiya?

Dattijon zaure: Ina! Snapshot a kan faifan nan dai yake zaune. In saba ta ƙone, ko ɓarawo ya ɗauke ta, tare za su tafi. Tagwaye kuma duk abin da ka goge a ɗaya nan take yake gogewa a ɗayan. Nemo tsohuwar kwamfuta ka sa mata Proxmox Backup Server, ka ajiye ta a wani ɗaki daban, kwafi ya riƙa tafiya kowane dare. Kuma ka gwada dawo da VM ɗaya daga kwafin kafin zangon karatu ya fara.

Mai tambaya: Na leƙa iDRAC yanzu, batirin katin ya mutu. Na juya shi HBA, faifai shida duk sun fito. Gobe in sha Allah zan girka, zan dawo da tambayar UPS ɗin.