Masu yoga a Maraɗi, da me kuke tallafa jiki?

Maman Sadiya, Zariya:
Assalamu alaikum. Ciwon baya ya sa na fara bin darasin yoga, motsa jikin nan na miƙe gaɓoɓi, a salula. Duk bidiyon da na buɗe, malamar na da tubalin soso da ɗamara da doguwar matashi. Na zaga babbar kasuwa ban samu ba. In na sunkuya hannuna ba ya kai ƙasa. Ku da me kuke yi?

Tela, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kar ki wahalar da kanki, kafinta za ki nema. Zaman keken ɗinki ne ya ƙage min ƙugu. Na ba kafinta awo: tsawo santimita 23, faɗi 15, kauri 10, ya yanko min guda biyu ya goge kaifin gefunan. Amfanin wannan awon shi ne tubali ɗaya yana ba ki tudu uku. Da farko a tsaye nake ajiye shi in dafa, bayan wani lokaci na kwantar da shi a gefe, yanzu a shimfiɗe yake. Bulon siminti kam a'a, yana goge tafin hannu, in ya faɗo kan yatsa kuma sai wani labarin.

Malama, Ali Ɗan Sofo:
Ɗamara kuwa tana cikin ɗakinki, Yaya: majanyi. Na saƙi ya fi, don ba ya miƙewa. Ina kwanciya rigingine, in rataya shi a tafin ƙafa ɗaya, in ɗaga ƙafar ina riƙe da bakinsa biyu, kafaɗuna na ƙasa. Da, in na ce sai na kamo yatsan ƙafa da hannu, wuyana ne ke shan wahala, bayan cinyar da nake son ya saki kuwa ko a jikinsa.
Kuma ki cire wa ranki cewa kayan tallafi na ragwaye ne. B.K.S. Iyengar, malamin nan na birnin Pune a Indiya da ya rasu a 2014 yana da shekara 95, shi ya yaɗa amfani da su: katako, bargo, kujera, har igiyoyi a bango. Dalilinsa shi ne tsoho da majinyaci su iya tsayawa daidai, su daɗe a haka ba tare da sun cutu ba. Tubalin soson nan daga baya ya zo.

Ɗan kabu-kabu:
Ni robar tayar moto nake sawa, kyauta na samu wurin mai faci.

Malama, Ali Ɗan Sofo:
Ƙanena, roba na biye maka ne, ka ja ta biyo. Ba za ka san iyakar jijiyarka ba, kuma ranar da ta kuɓuce fuskarka za ta nufa. Ka ari rawanin Baba.

Ɗan kabu-kabu:
To Malama, na ji. Rawanin dai ba zai samu ba, sai dai zanen uwargida.

Hajiya, Bagalam:
Ba wanda ya yi maganar ƙasa. Tabarmar roba a kan karo santsi take, balle da zufar watan Afrilu. Katifa kuma ta cika laushi, wuyan hannu na nutsewa. Ni a kan siminti nake shimfiɗa darduma mai kauri. Doguwar matashin kuwa mai katifa ya ɗinka min, na ce ya danna audugar sosai. Kafin nan bargon hunturu nake naɗewa tamau in ɗaure da igiya.

Ungozoma:
Hajiya Maman Sadiya, in ciwon bayan yana sauka har ƙafa, ko ƙafar na mutuwa, a fara ganin likita. Mai hawan jini ko hawan ruwan ido ya bar duk motsin da kai ke komawa ƙasa. Ni lokacin da nake da tsohon ciki ba na daɗewa rigingine, a gefen hagu nake kwanciya da matashi tsakanin gwiwoyi. Abin da na fi mora bayan tsayuwar aikin dare shi ne bango: in kwanta, in jingina ƙafafu sama minti biyar zuwa goma.

Baba mai ritaya:
'Ya'yana, ni kujera ce tawa, ta ƙarfe, na manna ta da bango. Ta roba tana zamewa. Motsa jikin kawai nake ɗauka, waƙe-waƙen masu yoga na bar musu. In zan zauna ƙasa sai na ninka bargo a ƙarƙashina har ƙugu ya ɗara gwiwa tudu, in ba haka ba baya ya lanƙwashe. Zaman tahiya ma ya yi min sauƙi.

Maman Sadiya, Zariya:
Allah Ya saka. Malam tela, wane irin katako zan ce masa?

Tela, Sabon Gari:
Kowanne, in dai ya bushe kuma ba ƙusa a ciki. Ki ce guda biyun su zo daidai da juna.