Wane suna za mu raɗa wa magajin delko?

Salamu alaikum ƴan uwa makanikai na Yamai. A daminar da ta wuce, sau uku wata tsohuwar Corolla tana mutuwa a hanyar Wadata, ana turo mini ita garaji. Kullum ciwon ɗaya: na buɗe hular delko, wato na'urar da ke raba wa buji wuta, sai in tarar da raɓa a ciki, bakin ɗan yatsan da ke juyawa yana raba wutar ya yi baƙi ƙirin. Mai motar ya gaji, muka yanke shawarar cire delkon a sa abin da mutanen Kano ke kira koyil-fak. Da na zo koya wa yarana aikin ne na ga ba ni da sunan da zan kira shi da Hausa, kuma abin ya dame ni ƙwarai. Yaron da bai san sunan abu ba, ko kasuwar Katako ka aike shi, wani abin daban zai sayo.

In na ce bobin, ban faɗi kome ba, don tsohon tsarin ma yana da bobin guda, ita ke haɗa wuta delko ya raba wa buji huɗu. Shi kansa delko sunan kamfani ne na garin Dayton a Amurka, wanda Charles Kettering ya kafa da abokinsa a 1909. Faransawa suka ɗauki sunan, mu kuma muka gada. Wannan ya zauna a baki, a bar shi.

Ƙaramin yarona ya ce tagwayen bobin. Ya lura da kyau: a inji mai silinda huɗu bobin biyu ne a ƙunshe wuri ɗaya, guda tana ba silinda 1 da 4 wuta a lokaci ɗaya, ɗayar 2 da 3. Amma inji mai silinda shida bobin uku gare shi, mai takwas kuma huɗu. Tagwaye ba su kai can ba. Wani ya ce gidan bobin, sai dai mai jin wannan zai zaci kwanson kawai ake nufi.

Na je na gaida tsohon maigidana, wanda a hannunsa na fara gyara filatin, wato makunnin wutar da ke cikin delko, na Peugeot 504. Ya juya abin a tafin hannu, ya ƙirga bakunan wayoyin da babban yatsa, ya ce: "Yaro, wannan ai dami ne." Na ce, Baba, ka gama magana. Damin bobin. Dami ba ya ƙayyade yawan zangarniya, biyu ko huɗu duk ɗaure ɗaya ne, kuma ba Bahaushen da zai tambaye ka ma'anarsa. A nan na tsaya.

Sai dai aikin ya zo da wasu baƙi. Tunda an cire delko mai raba wuta, dole wani ya gaya wa damin lokacin da zai saki wuta. Ana ɗaura faifan ƙarfe mai haƙora a fuli na gaban inji, kaptar, wato ɗan na'urar da ke jin wucewar haƙoran, na ƙirga su yana aika wa ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutarta. Tsarin Ford haƙora 36 ne aka cire guda, na Bosch 60 aka cire biyu, kuma da wannan gurbin ƙwaƙwalwa ke gane inda fistan yake. Na sa masa suna faifai mai giɓi. An kawo sunan wushirya, amma wushirya halitta ce, giɓi kuwa haƙori ne ya fita.

Ita kuma wutar da ke zuwa bujin da silindarsa ke fitar da hayaƙi, wadda ba ta ƙona kome, Faransawa na kiranta ɓatacciya. Ni ban ga ta ɓace ba, ƴar uwarta take bi duk inda za ta, shi ya sa nake cewa wutar rakiya.

Abu ɗaya ya rage mini. A wasu injina sandar delko ce ke juya famfon man inji, in ka zare ta gaba ɗaya ka toshe ramin, sai inji ya ƙone. Shi ya sa ake barin guntun sandar a ciki. Yarana suna ce masa kututture. Ƴan uwa na Tawa da Maraɗi, ku me kuke ce masa?