Neman kalmar Hausa: wane suna za mu ba white dwarf?

Jama'a, ina neman gudummawarku kan wata kalma. Ina karantar da kimiyya a wata sakandare a nan Sakkwato. Makon jiya wata ɗaliba ta tambaye ni yadda ake cewa white dwarf, wani nau'in tauraro, da Hausa, na ce mata "farin wada", ta rubuta a littafinta. Tun ranar raina bai kwanta da amsar nan ba.

Bari in fara kwatanta abin, don wanda zai raɗa suna ya san jaririn.

Tauraro, har da ranarmu, dunƙulen iska ne mai tsananin zafi, mafi yawansa haidirojin, kamar yadda masaniyar taurari Cecilia Payne ta nuna a 1925. Kokawa ce ke riƙe da shi: nauyinsa na danna komai zuwa cibiya, zafin cibiyar kuma na turowa waje. A cibiyar rana zafin ya kai digiri miliyan 15, a can haidirojin ke haɗewa ya zama hiliyom ya saki zafi da haske. Masanin taurari Eddington ya yi hasashen haka a 1920, masanin kimiyya Hans Bethe ya fayyace yadda abin ke gudana a 1939. To, ranar da makamashin ya ƙare, tauraro irin rana sai ya kumbura, ya yi ja, ya zubar da duk abin da ke lulluɓe da shi. Cibiyar ce kawai ke saura, curin kabon da oksijin wanda girmansa kusan na duniyarmu ne, amma nauyinsa ya kai rabin na rana ko fiye. Cikin ƙaramin cokali ɗaya nasa ya kai tan da yawa. Wannan saurar ita ce muke nema wa suna.

Kuma ba baƙo ba ne a samanmu. Duk wanda ya fita tsakar gida da dare lokacin ɗari ya ga Shi'ira, tauraron da ya fi kowane haske, wanda aka ambata a Suratun Najmi. Akwai irin wannan curi da ke zagaye tare da shi, ido ba ya ganinsa. Masanin taurari Bessel ya gane yana nan a 1844 saboda yadda Shi'ira ke ɗan karkacewa a tafiyarsa, aka hango shi da madubin hangen nesa a 1862.

Matsalata da "farin wada" ita ce, wada haka aka haife shi. Yarinyar nan za ta ɗauka wani ƙaramin tauraro ne daga cikin taurari, alhali babba ne da ya ci zamaninsa ya ƙare. Sannan ban so yara su riƙa kallon wani ɗan ajinsu suna dariya duk lokacin da aka ambaci kalmar.

Wani abokin aikina ya ce "gawar tauraro". Ta kama rabin maganar, amma gawa sanyi take yi, shi kuwa na kusa da Shi'ira zafin bayansa ya kai digiri 25,000, ya ninka na bayan rana fiye da sau huɗu. Wata malamar Hausa ta kawo "ƙwallon tauraro", kamar ƙwallon goriba bayan an cinye namanta. Wannan ta burge ni ƙwarai, don ta nuna tauri, ta nuna cewa ciki ne ya rage. Zafin ne babu a cikinta.

Ranar Asabar na je Maƙera Assada karɓo wata fartanya. Ina zaune ina kallon zugazugi, na ba dattijon maƙerin labarin. Ya ajiye awartaki, ya nuna min bakin murhu inda harshen wuta ya faɗi, ya ce: "Ɗana, mi ad da wuya? Wanga ai garwashi na. Wuta ta ci ta ƙare, shi ko shina nan da zahinai."

Tun daga nan nake juya "garwashin tauraro" a bakina. Akwai sukar da na yarda da ita: garwashi yana ci gaba da cin kansa a hankali, shi kuwa wannan babu sauran abin da ke ci a cikinsa, hucewa kawai yake yi tsawon biliyoyin shekaru. Abin da ya hana shi ruftawa ma ba zafi ba ne, ƙwayoyin ilaktiron ne da suka ƙi matsuwa fiye da haka, kuma masanin taurari Chandrasekhar ya lissafa tun 1930, yana cikin jirgin ruwa daga Indiya zuwa Ingila, cewa ƙin nasu yana da iyaka, wadda a yau aka san ta kai wajen ninki 1.4 na nauyin rana. Wannan kam sai malami ya yi bayani a aji, kowace kalma aka zaɓa. Amma yaron da ya ji "garwashin tauraro" ya riga ya san abu uku kafin in buɗe baki: saura ne, ƙarami ne, da zafinsa.

Ranar Litinin zan sa ɗalibar ta soke "farin wada". Abin da ya rage min shi ne fari ɗin: mu ce "farin garwashi", ko mu bar launin a cikin bayani? Malaman Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke nan, ina jiran ta bakinku kafin Litinin ɗin.