Ta wace hanya ECOWAS ta taɓa rayuwarku? Ku zo mu haɗa abin da kowa ya gani

'Yar Rediyo:
Assalamu alaikum jama'a. Ina haɗa shiri a kan ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda 'yan'uwanmu na Nijar suka fi sani da CEDEAO, kuma ba na so in cika shi da jawaban manya. Tarihin a rubuce yake. A Legas aka kafa ta ranar 28 ga Mayu 1975, ƙasashe 15 suka sa hannu, Janar Yakubu Gowon da Gnassingbe Eyadema na Togo ne suka ja ragamar yunƙurin. Tun 2007 take faɗin cewa tana so ta tashi daga ƙungiyar gwamnatoci ta zama ƙungiyar jama'a. To ai mu ne jama'ar. Shi ya sa nake tambaya: wa ya taɓa cin moriyar wani tsari nata da kansa? Wa ya sanar da shi tsarin? Wa ya taɓa zama a taron wayar da kai? Mai daɗi da marar daɗi duk ina so in ji, amma don Allah kada a kama sunan kowa.

Direban Tirela:
Wa alaikumus salam. Ni hanyata Legas zuwa Kwatano, Lome, har Akara, tun ina yaron mota. Abin ECOWAS na farko da na riƙe a hannuna shi ne katin inshorar nan mai ruwan ƙasa. Ba a rediyo na ji shi ba, maigidana ne ya miƙo mini shi cikin leda tare da takardun mota, ya ce ko lasisina zai ɓata kada wannan ya ɓata. Ban san amfaninsa ba sai ranar da nake juya mota a bakin wata kasuwa a ƙasar da ba na jin yarensu, bayan tirelar ya goge wata ƙaramar mota da aka ajiye. Kafin in sauko an kewaye ni. Ɗan sandan da ya zo bai tambaye ni kuɗi ba, katin ya nema. Ya rubuta lambarsa, aka kira ofishin da ke kula da katin a ƙasar, su suka ɗauki maganar gyaran motar mutumin. An ɓata mini lokaci, gaskiya, amma ban kwana a kulle ba, mota ma ba a riƙe ta ba.

Daga baya na ji cewa tun 1982 aka kafa tsarin. Ki duba tsawon shekarun, amma har gobe akwai direbobi a tasharmu da suke ɗauka wata takardar cin kuɗi ce kawai. Duk wanda ya san amfaninsa, daga bakin wani direba ya ji.

Marar daɗin kuwa shingaye ne. A Seme, iyakar Najeriya da Benin, an buɗe ofishin iyaka na haɗin gwiwa a 2018, ma'aikatan ƙasashen biyu a gini ɗaya, wannan ya rage wahala. Amma tsakanin gari da gari, igiya da ganga da katako mai ƙusa suna nan, kowa da abin da yake so ka ajiye.

Hajiya Mai Fatauci:
Malam direba ka faɗi gaskiya. Ni shekaru na yi ina biyan abin da ake kira kuɗin hatimi duk lokacin da zan tsallaka, a zatona doka ce. 'Yata ce da ta shiga jami'a ta zaunar da ni ta ce, Umma, tun 1979 aka sa hannu cewa ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar yana iya shiga wata ya yi kwana 90 babu biza, in dai yana da takardar tafiya mai kyau da katin rigakafi. Wallahi sai da na yi shiru ina lissafin abin da na zubar.

Na taɓa zuwa taron wayar da kai na mata masu fatauci, wata ƙungiya mai zaman kanta ce ta gayyace mu wani otal. Tun safe ake jawabi, wannan ya yi da Turanci, wancan ya yi da Faransanci, aka raba mana littattafai masu ƙyalli, yawancinmu fifita muka yi da su. Wadda ke kusa da ni har gyangyaɗi ta yi. Sai dab da la'asar wani dattijo tsohon ma'aikacin kwastan ya karɓi lasifika ya ce, bari in yi da Hausa. Ya ce amfanin gona da dabbobi da kayan sana'ar hannu da aka samar a cikin yankin babu harajin shigo da kaya a kansu, ba sa ma buƙatar takardar shaidar asali, kayan masana'anta ne suke buƙatarta. Ɗakin nan ya ɗauki hayaniya. Wadda take gyangyaɗi ita ta fara miƙewa, ta ce to albasar da take kaiwa fa, me ya sa ake karɓar kuɗi a kan kowane buhu? Hannuwa suka tashi ko'ina. Ba a amsa rabin tambayoyin ba aka ce lokaci ya ƙare.

Abin da ya sauya a wurina: yanzu in aka ce in biya, sai in ce cikin ladabi, ranka ya daɗe a ba ni rasit. Wani lokacin a ce in wuce. Wani lokacin a ajiye ni a rana har in gaji in biya, don kayan gwari ba ya jira. Sanin haƙƙi bai kawar da zalunci ba, amma ya rage shi, kuma na koya wa matan da muke tafiya tare.

Ɗan Maraɗi:
Hajiya barka da ƙoƙari. Ni zan faɗi nawa ko da zai yi nauyi. A garinmu, in ka tare mutum a hanya ka ce CEDEAO, ba kwana 90 zai tuna ba, 2023 zai tuna. Sojoji sun kifar da Shugaba Bazoum ranar 26 ga Yuli, ranar 30 ga wata aka sa takunkumi, aka rufe iyaka, wutar da ke zuwa daga Najeriya ta yanke, aka fara maganar turo soja. Matata 'yar Katsina ce. A lokacin mahaifiyarta na kwance ba lafiya, tafiyar da muke yi mu dawo a yini ɗaya ta koma sai waya. Ina ganinta kan tabarma da dare, fitilar waya a gefe, tana jiran a ɗauka daga can.

Ban zo in kare juyin mulki ba, kowa da ra'ayinsa a kai. Abin da nake so 'yar'uwa mai rediyo ta ji shi ne, mutane da yawa a wurinmu ba su taɓa jin muryar ƙungiyar nan ba sai ranar da ta yi fushi. In da an saba jin ta tana bayanin abin da ta tanadar wa talaka, da harshen da talaka ke ji, da ko ta yi hukunci za a saurare ta da wani kunne.

Kuma ku duba waɗanda aka buɗe wa ƙofa a Yamai a watan Agustan 2023. Tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ta zauna da Janar Tiani, jagoran sojojin da suka karɓi mulki. Sarki Sanusi ya gan shi. Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi, waɗanda ƙungiyar ta aiko, a zuwan farko ba su samu ganinsa ba, a na biyu suka gan shi har suka ga Bazoum. Ranar da aka ji labarin malaman, a majalisarmu kowa ya matso kusa da rediyo, don a karon farko mun ji masu sulhu da muka san muryoyinsu. Ni a nan na yarda cewa zumuncin da ke tsakanin ƙasashen nan ya girmi takardun da aka rubuta a kansa. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, amma kafin nan Nijar da Mali da Burkina Faso sun riga sun sanar da ficewarsu.

Tsohon Soja:
Ɗana na Maraɗi, Allah ya ba surukarka lafiya in tana raye, in ta rigaye mu Allah ya jiƙanta. Ni ina cikin waɗanda aka kai Laberiya ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOWAS. A watan Agusta 1990 rundunar ta sauka tashar jiragen ruwa ta Monrobiya, sojojin Najeriya da Gana da Gini da Saliyo da Gambiya, 'yan tawayen Charles Taylor na harbi. Abin da idona ya gani ba na faɗa wa jikokina duka. Amma na ga mata sun fito daga inda suka ɓuya suna ɗaga mana hannu, ƙafafunsu a kumbure saboda yunwa.

Darasin da na ɗauko shi ne, unguwar da muka zauna da dattawanta muka gaya musu abin da ya kawo mu, a nan muke barci da ido biyu rufe. Inda muka shiga da bindiga kawai, ko ruwa aka ba mu sai mun yi shakka. Shi ya sa da aka fara maganar yaƙi da Nijar hankalina ya tashi ƙwarai. Wanda ya ga yaƙin 'yan'uwa ba ya fatan a maimaita shi a ƙofar gidansa. A Gambiya a 2017 an tara soja, amma magana ce ta fitar da Yahya Jammeh, shugabannin Gini da Muritaniya suka yi ta kai da komo har ya hau jirgi.

Ɗalibar Shari'a:
Baba Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Ni ta kotu na san ƙungiyar. Malaminmu ya kai mu kotun ECOWAS da ke Abuja muka zauna a baya muna saurare, alƙalai daga ƙasashe daban-daban, kowa da na'urar tafinta a kunne. Abin da ya girgiza ni shi ne jin cewa tun 2005 mutum ɗaya tilo yana iya kai ƙarar gwamnatinsa can a kan take haƙƙin ɗan Adam, ba sai ya gama zagaye kotunan ƙasarsa ba. Na girma ban taɓa jin wannan ba, alhali a gidanmu rediyo ba ya mutuwa.

Ku nemi labarin Hadijatou Mani. 'Yar Nijar ce da aka sayar tana da shekara 12. Ta kai ƙarar ƙasarta a kan ta kasa kare ta daga bauta, kotun ta tashi takanas ta je Yamai ta zauna, ranar 27 ga Oktoba 2008 ta ba ta gaskiya, ta ce a biya ta sefa miliyan 10. A 2022 kuma kotun ta ce dakatar da Twitter da gwamnatin Najeriya ta yi ya saɓa doka. Rauninta a fili yake, ba ta da 'yan sandan da za su tilasta hukunci, gwamnatoci da dama suna yin biris. Duk da haka, Yaya na Maraɗi, abin da ya fi ci mini rai a ficewar nan shi ne wannan ƙofar. Macen da ke cikin halin Hadijatou a yau, ina za ta kai kukanta in na gida sun ƙi ji?

Ɗan Makiyayi:
Nawa gajere ne. Akwai takardar shaidar ƙetare iyaka da dabbobi tun 1998, ana rubuta yawan shanu, rigakafin da aka yi musu, da hanyar da za a bi. Mahaifina ya yi kiwo har ya tsufa bai taɓa ganinta ba. Wani likitan dabbobi ne ya nuna mana a wurin allurar shanu, ya cike mana ita a kan bonet ɗin motarsa. Da ita mun wuce wurin da a da sai an sayar da ɗan maraƙi kafin a wuce. Duk mai son ya wayar da kan makiyayi, ya same shi a mashaya ko a kara ranar kasuwa, ba zai zo otal ba.

'Yar Rediyo:
Na gode ƙwarai, kun ba ni fiye da abin da na nema. Na lura duk wanda ya amfana a cikinku, wani mutum ne ya gaya masa baki da baki: maigida, 'ya, malami, likitan dabbobi. Harsunan aikin ƙungiyar uku ne, Turanci da Faransanci da harshen Fotugal, gidan rediyonta kuma yana Monrobiya, wanda ta gada daga rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018. A ganina Hausa, da ake ciniki da ita daga Agadas har zangon Kumasi, ta cancanci a riƙa yi mata bayanin nan kai tsaye, kuma zan faɗi haka a shirin. Ai kuɗin da ke tafiyar da ƙungiyar daga harajin kashi 0.5 cikin 100 ne a kan kayan da ake shigowa da su daga wajen yankin, ma'ana duk mai sayen kaya a kasuwa yana cikin masu biya.

Malam na Maraɗi, tambaya ɗaya ta rage mini, masu saurare za su yi ta. Yanzu da ficewar ta tabbata, yaya kuke tsallakawa?

Ɗan Maraɗi:
Ficewar ta fara aiki ranar 29 ga Janairu 2025. A ranar ƙungiyar ta ce ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin ɗan ƙasa masu tambarinta daga mutanen ƙasashen uku, a bar su suna shiga babu biza har sai an sake sanarwa. Su ma ƙasashen uku, da suka haɗu a ƙawancen AES, sun ce 'yan ECOWAS na iya shigowa babu biza. Muna zuwa Katsina, su ma suna tahowa, sai dai bincike ya ƙaru, tambayoyi sun yi yawa, kuma ba kowane ma'aikaci ne a bakin iyaka ya san da sanarwar ba. Ni na sa an buga mini ita a takarda, da Faransanci da Turanci, tana cikin aljihun gaban rigata duk lokacin da za mu tafi. In kin tashi shirin, ki karanta ta da Hausa sannu a hankali, ki maimaita, don masu motocin haya na Jibiya da Ɗan Isa su ji da kunnensu. Baba soja, na gode da addu'a, surukata ta samu sauƙi.