Musayar baituka: ta'aziyyar Auta

Abokin shagonsa:
Salam 'yan uwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, kamar yadda kuka ji Auta ya rasu daren Laraba, sikilar ce ta tashi da sanyin hunturun nan, shekara 22 kacal, jiya muka kai shi makwancinsa a maƙabartar Tarauni. Shi ya fi kowa takura mana da musayar baiti, to yau tasa za mu yi. Na buɗe da amsa-amon "ba".

Na share benci da safe a Farm Centre,
Har rana ta take mai bencin bai zo ba.
Ga darma, ga ɗan sukundirebansa,
Wayar da ya kwance ran Litinin bai ɗaure ba.

Yayarsa:
Ni na goya shi, ni na san kukan dare,
Ƙashi na sara, bai taɓa ce ya gaji ba.
Tawul da ruwan ɗumi, Umma tana tofi,
Ya ce mu je mu kwanta, shi ko bai runtsa ba.
Ledar jini nawa aka ɗaura wa yaron nan?
Tun yana firamare, wallahi ban ƙirga ba.

Ɗan Pillars:
Allah ya ƙara haƙuri Yaya. ni ban iya kuka a baiti ba bari in tuno dariyarsa

Filin Sani Abacha can Ƙofar Mata,
"Sai Masu Gida!" bai bar wa kowa ihu ba.
Rigar sanyi biyu ga rana ta ƙwalle,
Mu ce da shi, Auta ba dai daga Jos kake ba?

Anti nas:
Ku yi min afuwa, abin yana ci na a rai ne, kullum muna ganin masu sikila, wato masu jinin SS, a gadon asibiti, mai AS kuwa ɗauke da ƙwayar kawai yake.

AS da AS in suka ƙulla aure,
Kowane ciki da fargaba a ɗaure,
Ɗaya cikin huɗu SS ne, ku daure
Ku je gwaji tun soyayya ba ta yi nisa ba.

tun 2024 ma Kano ta mai da gwajin kafin aure doka, amma har yanzu wasu sai ana gobe ɗaurin aure suke tunawa.

Kawunsa:
Baiwar Allah gaskiya kika faɗa amma ko sadakar uku ba a yi ba, kuma ana karanta wa mahaifiyarsa abin da kuke rubutawa. Sanda aka ɗaura aurensu wa ya san gwajin nan a unguwa?

Ajali in ya yi kira ba ya duban shekara,
Kaka na zaune, jika bai kai gobe ba.
Uwa ta yi jinya shekara ashirin da biyu,
Ku ce mata sannu, ba tuhuma ba.

Yayarsa:
Kawu ƙyale ta, ba ta yi laifi ba. Auta da kansa ya ja ni gwaji kafin a sa min rana, shi ya biya kuɗin adaidaita ma.

Ya ce Yaya, ciwon nan ya tsaya kaina,
Kada ki haifi wanda bai san barci ba.

Abokin shagonsa:
Allah ya jiƙansa ya sa ciwon ya zama kaffara. Duk mai binsa bashi ya same ni a shago ko Kawu a wajen zaman makoki. Sannan mai Tecno ɗin nan mai fasasshen gilashi, na ɗaure miki ita, ki zo ki karɓa, ya rubuta a littafinsa cewa kin biya.